Bana Sai Gida

Tamanrasset, 3 ga Oktoba, 1993

Zuwa ga yayana Malam Tasi'u, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Larai da yara. Yaya ƙafar Inna? Man shafawar da na aiko ya iso kuwa? Mu nan lafiya lau, sai dai idona na hagu da ke zubar da ruwa in na daɗe kan keken ɗinki. Humaira ta shiga shekara ta biyu a makarantar aikin jinya, tana gaida kawunta.

Yaya, ka nemi wuri ka zauna, maganar tana da tsawo. Mai gidan da muke haya a unguwar Gatalwad ya sake ƙara kuɗi, karo na biyu ke nan bana. Da na yi magana sai ya ce in ban iya ba akwai mutum uku da ke jira. Ba ƙarya ya yi ba. Mutanen arewacin ƙasar nan da rikici ya koro kullum sauka suke yi a garin nan, ga na Mali, ga namu na Nijar, kowa ɗaki yake nema. Tun rasuwar maigidana Ilyas, shekara bakwai ke nan, gida huɗu muka sauya ni da yarinyar nan. Duk tashi sai na rasa masu kawo ɗinki, sai na fara sabo da sabuwar unguwa.

To, na ga gidan sayarwa a unguwar Tahaggart. Na wani dattijo ne, Si Mulud, zai koma In Salah wajen ɗansa. Ɗaki biyu ne da tsakar gida, sai wani ɗan shago mai kallon titi, daidai wurin aje keke. Na kai Mika'ilu, wani magini ɗan Matamai da na yarda da shi, ya ƙwanƙwasa bangon ko'ina, ya hau rufin, ya ce ginin lafiya. Kuɗinsa miliyan talatin da biyar. Kar ka firgita, mutanen nan da santim suke ƙirge, santim ɗari ne dinar ɗaya. Ina da ashirin da ɗaya da na tara da allura. Cikon shi ne shanuna goma sha ɗaya na gadon Baba da ke wajen kiwo a Tanut.

Na san za ka ce in yi haƙuri. Haƙurin ne ya kawo ni nan. Shekara biyu da suka wuce an yi mini tayin irinsa a kan ashirin, na ce ya yi tsada, bari in jira ya sauko. Bara ya kai ashirin da shida. Ina tarawa, gida yana gudu, kuma ya fi ni sauri.

Maganar takarda ba damuwa. Ni baƙuwa ce har gobe, amma Humaira 'yar ƙasa ce ta wajen ubanta, ta kuma cika sha tara, da sunanta za a rubuta.

Ka sayar da shanun, ka kai kuɗin wajen Alhaji Badaru a kasuwar Dole. Ƙaninsa yana da shago a nan, shi zai ba ni dinar. Si Mulud ya ba ni zuwa ƙarshen Disamba. Abu ɗaya nake roƙonka: kar ka gaya wa Inna tukuna. Za ta ɗauka na yanke da gida ke nan. Zan zo da kaina in yi mata bayani.

Isufu direba zai kawo maka wannan. Ka amsa mini da motar farko.

Ƙanwarka, Adawiyya

*

Tamanrasset, 25 ga Oktoba, 1993

Yaya Tasi'u,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka, musamman Inna. Muna lafiya. A tsaye nake rubutun nan, Mairama mai sayar da turare za ta tashi yanzu, mota na jiranta.

Mako uku ban ji daga gare ka ba, hankalina ya ƙi kwanciya. Wallahi na gaji da zaman haya da kallon fuskar masu gida. Na riga na yanke shawara, bana sai gida in Allah ya yarda. Ka sayar da shanun kamar yadda na faɗa maka, kar ka tsaya jiran su yi tsada. Ka san abin da za ka yi da kuɗin. Ka yi sauri don Allah, kafin wani ya riga mu.

Adawiyya

*

Damagaram, 19 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga ƙanwata Adawiyya.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, ƙafar Inna da sauƙi, har tana zuwa maƙwabta ba sanda. Larai da yara suna gaishe ku. Mu malaman lekkol, wato makarantar boko, wata uku ke nan ba albashi, amma yau ba ranar kuka ba ce.

Mairama ta kawo takardarki. Adawiyya, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Shekara ashirin da ɗaya muna jiran wannan kalma. Na shiga wajen Inna na karanta mata, ta ce in sake, na sake, ta ce in koma daidai wurin da kika ce bana sai gida. Sai ta rufe fuska da zane. Larai ta rangaɗa guɗa, kafin la'asar duk unguwa ta ji 'yar Inna za ta dawo.

Da kika ce kamar yadda kika faɗa mini, nan take na tuna. Ranar sadakar bakwai ta Baba, muna zaune a zaure, kin ce in na tashi dawowa shanun nan su ne gidana. Ban manta ba. Kuma ki ga ikon Allah: Mahamadu tela, wanda gidansa ke manne da bayan namu, zai koma Kano da iyalinsa, ya sa gidan a kasuwa. Na gane Mairama ko wani ya kai miki labarin, shi ya sa kika ce kar a riga mu. Gaskiyarki, mutum biyu na tarar suna zawarcinsa.

Na nemi izini a lekkol, na tafi Tanut da kaina, aka koro shanun zuwa kasuwar Bakin Birji. Sun yi kuɗi daidai gwargwado, ko da yake biyu sun rame. Ranar Litinin aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu huɗu, takarda tana hannuna da sunanki. Ɗaki uku ne, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida, ga rijiya. Na sa an fasa ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, don ki riƙa shigowa wajen Inna ba sai kin zagaya ta titi ba. Ita kuwa tun ranar kullum da safe tana can da tsintsiya, an hana ta ta ƙi.

Ki gaya mini watan da za ku taso. Humaira in ta gama karatu, asibitin nan ma ana neman ma'aikata.

Yayanki, Tasi'u

*

Tamanrasset, 8 ga Disamba, 1993

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai ba ni da ita.

Me ka yi mini haka? Wane gidan Mahamadu? Wa ya ce maka zan dawo? Na karanta takardarka a shagon ƙanin Alhaji Badaru, don na je ne da zaton kuɗi sun iso, har na tafi da jaka. Sai da suka ba ni kujera. Ina takardar da na ba Isufu tun farkon Oktoba? Shafi biyu cur, na faɗa maka komai, sunan unguwa, sunan mai gida, kuɗi, ranar da aka ɗibar mini. In ba ta zo ba, da ka ga na ce kamar yadda na faɗa maka, me ya hana ka tsaya ka tambaya? Maganar da na yi a zaure ina cikin hawaye shekara tara da suka wuce, ita ka ɗauka ka sayar da shanu sha ɗaya a kanta?

Gida nake nufi, Yaya, gida na bulo da siminti, a nan Tamanrasset, inda 'yata ta buɗe ido, inda aka binne ubanta, inda masu kawo mini ɗinki suke. Na ba dattijon mutane kalmata. Saura mako uku. Da wane baki zan je masa?

Kai malami ne, kullum kai ke cewa yara su karanta tambaya sau biyu kafin su amsa. Ni ba ka karanta ni ko sau ɗaya ba. Abin da kuke so ku ji shi kuka ji.

Ka mayar wa Mahamadu gidansa, ko ka sayar wa ɗaya daga cikin mutum biyun nan, ko da ragi ne. Yau, ba gobe ba. Maganar Inna kuwa ban san abin da zan ce ba. Abin da na guje mata ke nan tun farko. Na tsaya nan.

Adawiyya

*

Damagaram, 17 ga Janairu, 1994

Ƙanwata Adawiyya,

Bayan gaisuwa. Jikinmu lafiya, sai sanyi da ya tayar wa Inna da ƙafa. Ina fata idonki da sauƙi.

Takardunki biyu rana ɗaya suka same ni, ta Disamba da ta Oktoba. Motar Isufu ta lalace a Arlit, da ya gyara kuma sai da ya jira ayarin da soja ke rakawa saboda 'yan tawaye, daga Agadas aka sake juya shi da kaya zuwa Tawa. Takardarki tana cikin aljihun mota wata uku. Ya kawo mini lekkol yana ba da haƙuri. Na karanta a bakin aji, na sallami yara tun lokaci bai yi ba.

Na yi kuskure, ban musa ba. Amma maganarki ta yi mini zafi. Kin ce abin da muke so mu ji muka ji. To, laifi ne uwa ta so ganin 'yarta? Sau uku kika zo cikin shekara ashirin da ɗaya. Mutumin da ke Damagaram ya ga an rubuta bana sai gida, wane gida zai kawo a ransa? Ko sisi ban taɓa ba cikin kuɗinki, ƙofar da na fasa ma da bashin siminti na yi ta.

Mahamadu ya riga ya tafi Kano, kuɗin sun shiga wani gini. Mutum biyun, ɗaya ya sayi wani wuri, ɗayan ya ce sai dai rabin kuɗi. Sannan ga abin da ya faru makon jiya, na san kun ji a rediyo: an karya darajar kuɗinmu sefa, rabi cur. Kasuwa ta rikice. Sukari, shinkafa, magani, komai ya tashi, 'yan kasuwa wasu sun rufe shaguna suna jiran su ga inda abin zai tsaya. Alhaji Badaru ya ce ko yau na kawo masa kuɗin shanun nan, dinar da za ki karɓa ba zai kai na watan jiya ba ko kusa. Ba wanda ke sayen gida a Damagaram wannan makon.

Ga shawarata, ki ɗauka ko ki bari. Ki dakata. Tsadar gidajen Tamanrasset tsadar tsoro ce. Ranar da arewa ta lafa, mutanen nan za su koma garuruwansu, gidaje su yi yawa, masu su su riƙa bin ki. Kar ki zuba guminki na shekara bakwai a lokacin da abu ya kai ƙarshen tsadarsa. Nan kuma dukiyarki tana tsaye, ƙasa ce, rediyo ba ya karya ta.

Ban gaya wa Inna ba. Na buɗe baki sau biyu na kasa. Shekaranjiya ta aiki Larai ta sayo tukwane biyu da sabuwar tabarma ta kai ɗakin da ta ce naki ne.

Yayanki, Tasi'u

*

Tamanrasset, 20 ga Fabrairu, 1994

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Ina gaida Inna da Larai da yara. Idon ya matsa, Humaira ta kai ni likita ya ba ni tabarau, yanzu na zama kamar ku malamai.

Ka yafe mini zafin bakina. Na san ba cuta ka nufe ni da ita ba. Na sake tuna 'yar takardar da na ba Mairama, na ga ni ma da na ƙara layi biyu da duk haka ba ta faru ba.

Amma maganar jira, Yaya, kai kana faɗinta ne daga cikin gidan ubanka. Na je wajen Si Mulud tun ƙarshen Disamba. Ya sa aka dafa shayi, sai da muka sha kofi na uku na iya buɗe baki. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Yarinya, na san mijinki, mutumin Tit ne, ya sha kawo mini dabino. Saboda shi zan jira ki har bayan ƙaramar salla. Amma ɗana ya ce talatin da biyar ta wuce, yanzu arba'in ne, kuma akwai wanda ya taya sama da haka." Na ce na gode. Me zan ce?

Tun ranar ba ni da sukuni. Ga ɗinkin salla ya taru, ina karɓar abin da ya fi ƙarfina, har na yanka wa wata mata hannun riga ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba. In na fita sayen zare sai in ga ƙafata ta kai ni Tahaggart, in tsaya tsallaken titi ina kallon shagon. Wata rana in ce Yaya ya yi gaskiya, abin nan hauka ne, dole ya sauko. Washegari in ji an sayar da kango a unguwar Sarsuf kuɗin da ko a mafarki ban taɓa ji ba, sai in ce na makara. Kowa da abin da yake faɗi. Ƙanin Alhaji Badaru ya ce ana raɗe-raɗin dinar ma za a karya shi, wanda ke riƙe da takarda ya shiga uku. Mika'ilu ya ce buhun siminti ya kusa ninkawa. Wata maƙwabciyata kuma ta ce gwamnati za ta raba gidaje, in jira. Wa zan bi?

Na gwada wa Humaira maganar Damagaram, na ce ga ɗaki uku ga rijiya. Ta ce, "Mama, in kina so ki tafi zan riƙa zuwa ganinki. Amma ni ban san kowa can ba sai a hoto." Ban ga laifinta ba. Hausarta ma in ta yi sauri Larabci ke shiga.

Ka sa gidan a kasuwa, Yaya, duk abin da ya kama. Kuma ka gaya wa Inna gaskiya. Kowace tukunya ta saya, ni ake ƙara wa nauyi. In ba za ka iya ba, ka karanta mata wannan takardar.

Ƙanwarka, Adawiyya

*

Damagaram, 3 ga Afrilu, 1994

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa, an yi salla lafiya, ina fata ku ma haka. Yara sun gode da rigunan.

An sayar da gidan. Wani ɗan kasuwa mai kai fata Najeriya ya saya, ya ɗora kaɗan a kan abin da na biya. Na so in ƙara jira, don tun bayan salla masu kuɗi sun fara neman inda za su zuba sefa, amma kin ce duk abin da ya kama. Jiya na kai wa Alhaji Badaru. Har yanzu ra'ayina bai sauya ba, ina ganin gara ki dakata, amma dukiyarki ce.

Inna ba ni na gaya mata ba, kuma ina jin kunyar haka. Ranar da mutumin ya zo da igiyar awo, tana tsakar gidan tana shara. Ta tambaye shi me yake aunawa, ya gaya mata. Ta jingine tsintsiya ta dawo ta ƙofar katanga. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Rana ta uku ta kira ni, ta ce in kawo duk takardunki in karanta mata tun daga ta farko, kar in tsallake ko kalma. Na karanta har wadda kika yi mini faɗa. Da na gama ta ce in ɗauko alƙalami. Ga abin da ta ce, yadda ta faɗa:

"Adawiyya, ni ce. Na ji komai. Ku biyun duk kun mai da ni yarinya, ke kin ce kar a gaya mini, shi ya kasa gaya mini. To ni na haife ku. Tun ranar da kika zo da jaririya kina yi mata waƙa da yaren ubanta na san can ne wurinki. Murnar da na yi ta wata huɗu kuwa na riga na yi ta, ba wanda zai karɓe mini. Na share gidan 'yata, na zauna a inuwarsa, ya ishe ni. Ni ma ba a Damagaram aka haife ni ba, uwata ta mutu tana cewa zan koma Gure. Ki sayi wurinki, ki daina yawo da jikata kamar kayan talla. Kar ki saurari Tasi'u, shi tun yana yaro in an ba shi ƙosai sai ya riƙe har ya huce. Tukwane da tabarma suna nan, na ba Isufu ya kawo miki, in ya ga dama ya kai su bana. In kin samu wuri ki aiko mini da hoto, a ɗauke ki a bakin ƙofa."

Iyakar maganarta ke nan. Ta sa na karanta mata, ta ce daidai.

An toshe ƙofar katangar ranar Alhamis. Ki rubuto da zarar kuɗin sun shiga hannunki.

Yayanki, Tasi'u

*

Tamanrasset, 12 ga Yuni, 1994

Zuwa ga Yaya Tasi'u, kuma a karanta wa Inna duka.

Assalamu alaikum. Barkanku da babbar salla, ko da ta wuce. Muna lafiya. Ku yafe shirun da na yi, ban so in rubuto ba sai ina da abin faɗi.

Gidan Si Mulud ya tafi. Kuɗin sun iso hannuna ƙarshen Afrilu, a lokacin an riga an karya dinar kamar yadda ake ta faɗi, komai na garin nan ya sake tashi. Dattijon ya jira ni har kwana goma bayan salla, ya cika alkawarinsa. Wani injiniya daga arewa ya saya a kan arba'in da takwas. Na je na yi masa sallama ranar da zai tafi In Salah, ya kasa kallon idona, ni ce ma na riƙa ba shi haƙuri. Shagon yanzu an mai da shi wurin aje mota.

Na yi mako biyu kamar marar lafiya. Kuɗi a ƙulle cikin ƙasan akwatin zare, kullum suna raguwa ba tare da na taɓa su ba. Abin da na haɗa duka bai fi talatin da uku ba, ba ya sayen ko ɗaki biyu a cikin gari. Sai Mika'ilu ya zo ya ce akwai wani wuri can bayan gari ta hanyar Adriyan, fili ne da katanga, da ɗaki ɗaya da aka rufa, na biyun an kai shi iya taga aka bari. Mai shi yana da takarda ta gaskiya, Humaira ta kai buro, ofishin filaye, an duba. Na je na gani. Yaya, ba abin da zai burge ka. Ba famfo, sai motar ruwa ta zo. Daga nan zuwa kasuwa tafiyar rabin awa ce. Bayan katangar ba komai sai duwatsu. Maƙwabta gida biyar ne.

Na kwana uku ina juya maganarka, don ban raina ta ba. Wataƙila kai ne da gaskiya. Wataƙila baɗi arewa ta lafa, a riƙa sayar da gidajen Tahaggart da araha, in zama abin dariya. Maƙwabciyata ta Gatalwad ta riga ta fara, ta ce na sayi dutse da kuɗin gida. Ko na yi gaggawa ko na makara, wallahi ban sani ba, kuma na lura duk masu ba ni shawara su ma ba su sani ba. Ranar Talatar ƙarshen Mayu na sa hannu, wato Humaira ta sa, ni ina tsaye a bayanta.

Mun tare kwana tara ke nan. Rabin masu kawo mini ɗinki sun ce nisa ya yi yawa, sai dai in riƙa bin su gida ina karɓowa. Mika'ilu zai rufa ɗaki na biyu kaɗan-kaɗan, in an samu. Hoton yana cikin ambulan, Inna. Ƙofar ta langa-langa ce, kar ki duba ta, ki dubi jikarki.

Jiya da hantsi na rasa inda zan rataye madubin gwajin kaya. Na ɗauko ƙusa da dutse, na ɗaga hannu, sai na tsaya, ina tunanin wa zan je in tambaya tukuna. Humaira tana kallona ta ce, "Mama, me kike jira?" Na buga. Yaɓen ba shi da kyau, wani ɓangare ya ɓamɓaro ya zubo mini a ƙafa. Na matsa gefe na sake buga wata. Yanzu ƙusa shida ne a bangon, huɗu ba abin da na rataya musu.

Ku gaida kowa da kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Taku, Adawiyya